Sawun Tsohon Injin Girbi

Ranar Litinin da hantsi, a kakar 2004, Sufeto Uzairu ya isa wata gonar kamfani a bayan Vom. An sace injin girbi, injin da ya kai girman ɗaki.

"Oga, injin nan ya mutu tun bara," in ji manajan, Mista Sylvanus. "Na sayar wa 'yan gwangwan, gobe za su zo su yanka shi. Da babbar mota aka ja shi."

Uzairu ya duƙa a bakin rumfar. Sawun tayar injin ne kaɗai, ga ɗigon baƙin mai bai ko bushe ba.

"Matacce ya tashi da ƙafarsa ke nan," in ji shi.

Maigadi ya rantse bai ji komai ba. Da aka tambayi ma'aikata, suka ce idan injin nan ya tashi, har mutanen garin Kuru sai sun ji ƙararsa. Ran Uzairu ya ɓaci, don ya tsani a mai da shi sakarai.

A hanya ya ga kaji sun yi layi suna tsattsaga. Ya tsaya ya duba, ashe ragowar shinkafar bara ce a zube siriri, ta miƙe ta nufi fadama. Rariyar injin ta tsufa, duk inda ya bi sai ya bar tsaraba.

A fadamar ya same shi yana tari yana hayaƙi, mata na bin bayansa da tsintsiya suna tara abin da ya zubar. Wata dattijuwa ce a kan sitiyari. Sai da ta kai ƙarshen gonar sannan ta kashe shi ta sauko.

"Ngo, sunanki?" in ji Uzairu, yadda ake kiran iyaye mata a yankin.

"Theodora. Matar marigayi Badung, direban injin nan."

"Wa ya ba ki makulli?"

"Ba ya da makulli, ɗana. Waya biyu ne. Mijina ya koya mini."

"Kin san sata ce wannan?"

"Na sani. Ni na ɗauka, maigadi kuma ni na ce ya yi shiru. Injin ya tsufa, eh. Aikin da yake yi a wuni, yanzu sai kwana uku, bel yana tsinkewa, muna ɗaurewa. Amma duk ƙasar nan akwai wani? Samarinmu sun tafi Jos acaɓa. Shinkafarmu ta bushe tana zuba, mu yanke ta da haƙori?"

Sylvanus ya iso yana haki. "Oga, ka ba ni kayana, masu saye suna jira!"

Dattijuwar ba ta ko kalle shi ba, ta miƙa wa Uzairu hannuwanta biyu. "Ka rubuta na amsa laifina. Kotu nake so. Ai an ce kayan sata shaida ne, ba mai taɓa shi sai an gama shari'a, ko ba haka ba?"

Sai a lokacin Uzairu ya gane shi ma an sa shi aiki, kuma abin ya burge shi.

"Haka ne," ya ce. "Mista Sylvanus, ka sallami 'yan gwangwan."

Ya buɗe mata ƙofar mota ba ankwa. Ta shiga ta gyara zama, sannan ta leƙo ta taga.

"Manaja, ka san kotu ba ta sauri. Sai mun haɗu a girbin baɗi."