Hoton da Aka Manna a Ƙofar Makaranta

Shugabar makarantar ce ta fara gani, da safe, lokacin da iyaye ke sauke 'ya'yansu. An manna takarda a jikin ƙofar ƙarfe, daidai tsayin idon yaro. Hoton mace ne daga wuya zuwa ciki, babu riga, da dogon tabon ɗinki a inda nonon hagu ya kamata ya kasance. Fuskar ba ta fito ba, amma sunan da ke saman hoton ya fito ɓaro-ɓaro, na malamar lissafi ne. A ƙasa an rubuta da jan biro: "Ga mai koya wa 'ya'yanku tarbiyya."

Kafin Shugaba ta ɓalle takardar, iyaye da dama sun gani, wasu har sun ɗauka a waya. Wani uba ya tsaya yana salati da ƙarfi, idonsa kuwa bai bar hoton ba.

Wata Sufeton 'yan sanda ta iso kafin a fita tara. Mace ce gajera, mai kaurin murya, wadda ta daɗe a sashen laifukan intanet har ta daina mamakin mutane. Ta sami Malama a ɗakin malamai, zaune cikin hijabi mai ruwan toka, tana duba aikin ɗalibai kamar ba abin da ya faru.

"Malama, wa ya ɗauki hoton nan?"

"Ni ce. Bayan an yi mini aikin kansa."

"Wa kika tura wa?"

"Na saka a ɗakin lafiyar mata na Katanga. Mata da yawa suna jin ƙullutu su yi shiru don tsoron wuƙa. Na ce bari su gani, ana yi kuma ana rayuwa."

Sufeto ta san Katanga. Dandalin sada zumunta ne da aka buɗe don Musulmi, tallansa ya cika gari: maza gefe, mata gefe, babu batsa, babu zagi. Duk saƙon da ya shigo, wayar mutum sallama take yi masa da muryar wani mai zaƙin harshe.

"Kin yi faɗa da wata a ciki?"

Malama ta ajiye biro. "Akwai wata mai kiran kanta Baiwar Allah. Ba ta da zance sai na yayanta. Duk bazawarar da ta shigo sai ta bi ta da labarinsa, ga addini, ga rufin asiri. Da ta ga hoton nan sai ta rubuto a gaban kowa, wai yayanta zai taimaka ya aure ni a haka."

"Kika ce mata me?"

"Na ce ba sadaka nake nema ba. Na ce namijin da sai ya laɓe bayan zanen ƙanwarsa kafin ya iya magana, ya fara neman bakinsa tukuna kafin ya nemi mata. Aka yi ta dariya kwana da kwanaki."

Sufeto ta shimfiɗa takardar a tebur ta daɗe tana kallo. Ba tabon take kallo ba. Hoton fuskar waya ne aka ɗauka aka buga, ga agogo da alamar batir a sama. Rubutun da ke kewaye da hoton manya-manyan haruffa ne, kalma uku ta cika layi.

Ofishin Katanga yana hawa na biyu, saman wani shagon tayoyi. Tun daga matakala ƙamshin turare ya tare Sufeto. An raba falon aiki da labule mai kauri, maza a dama, mata a hagu, amma injin shayi ɗaya ne, a tsakiya, kuma a nan kowa ke taruwa.

Mai dandalin da kansa ya fito tarbarta. Ma'aikata Alhaji suke ce masa. Dogo ne mai farar jallabiya, gemunsa baƙi wuluk irin baƙin da Allah bai halitta ba, rinin har ya taɓa fatar kumatu. Yana magana yana kallon rufin ɗaki, wai kada idonsa ya faɗa kan mace.

"Inna lillahi! 'Yar'uwa, wannan aikin maƙiya ne. Sun ga mun gina wa al'umma wuri mai tsabta. Ni kaina da na kafa shi ban taɓa leƙa ɓangaren mata ba, ko da kuskure."

"Ba wa'azi na zo ji ba, Alhaji. Wa ke riƙe da na'urorinku?"

Injiniya ne, wani siriri mai jajayen idanu, a wani ɗan lungu da fanka ke kaɗa zafi. Da ya ga takardar sai ya kau da kai.

"Kai kana iya ganin duk abin da mata suka saka?" in ji Sufeto.

"Idan na so. Komai yana kan uwar na'ura."

"Ka so?"

"Ranki ya daɗe, ina da mata da ƙanne a cikin ɗakin nan." Ya nuna saman takardar da bakin biro. "Kuma da ni ne, me zai kai ni ɗaukar fuskar waya? Ainihin hoton zan ciro, tas, babu agogo babu batir."

"To kowace mace a ɗakin za ta iya ɗauka."

"A'a. Manhajar da jama'a ke saukewa ba ta bari. Kina gwadawa baƙi za ki gani. Da wannan muke talla." Ya waiga wajen ƙofa. "Sai dai ta gwaji, wadda muke aiki da ita a ofis. Ita ba a toshe ba."

"Wayoyin wa ke da ita?"

"Tawa, da ta Anti mai tace ɓangaren mata, da na Alhaji."

"Na Alhaji? Nawa ne?"

"Babba da ƙarama. Ƙaramar ya ce ta gida ce."

Anti tana bayan labule, dattijuwa mai jiki, ga tabarau a kan hanci ga carbi a wuyan hannu. Tun kafin a tambaye ta ta fara rantsuwa. Sufeto ta bar ta ta gama, sannan ta karɓi wayarta ta buɗe ɗakin lafiyar mata. Rubutun ƙanana ne, kuma a kusurwar kowane hoto akwai jan maɓalli na gogewa.

"Wannan jan abin, kowa na ganinsa?"

"Ni kaɗai, 'yata. Aikina ke nan."

A takardar babu jan maɓalli. Sufeto ta miƙa mata wayarta.

"Yaya ake shigar da mace ɗakin nan?"

"Sai ta kira ni na ji muryarta na ga fuskarta. Ko matar sarki ce."

"Baiwar Allah fa? Yaya muryarta take?"

Carbin ya tsaya. Anti ta dubi labule, ta rage murya.

"Ita ban ji ta ba."

"Don me?"

"Alhaji ne ya ce ƙanwarsa ce, mai tsananin kunya, ba ta magana da baƙi. Ya ce in shigar da ita kawai. Ni kuwa wace ce da zan ce a'a?"

"Kin taɓa ganinta? A suna, a biki, a gaisuwa?"

"Wallahi tun da nake da su, ƙannensa maza kawai na sani." Ta dafe ƙirji. "Wayyo ni. Mata suna ta zuba cikinsu a ɗakin nan, na haihuwa, na miji, na jinin al'ada, sun yarda ni ce mai gadin ƙofa."

"Ki share hawayen, Anti, da sauran aiki. Idan na shiga wurinsa, ki ɗan jira kaɗan, sai ki tura wa Baiwar Allah saƙo. Ko me kika ga dama."

Ofishin Alhaji ya fi falon ma'aikatan girma. Littattafai masu ruwan zinare sun cika kanta, yawancinsu ba a ko cire ledarsu ba. A bango ga hotunansa yana karɓar lambobin yabo, ko'ina gemun ya fi na baya baƙi. Ya nuna mata kujera mafi nisa.

Sufeto ta naɗe takardar yadda tabon ba zai fito ba, ta ajiye a gabansa tare da katin aikinta.

"Karanta mini lambar da ke katin nan, ka kira, don ka samu lambata."

Ya ɗauki katin, ya miƙar da hannu iya tsawonsa, ya ƙanƙance ido, ya karkata wajen taga.

"Ba ka sa tabarau ne, Alhaji?"

"Tabarau na tsofaffi ne. Idona garau yake, alhamdu lillahi."

Ya ciro babbar wayarsa ya fara dannawa. Daga inda take zaune, a can nesa, Sufeto tana iya karanta komai a fuskar wayar. Kowane harafi ya kai ƙwayar wake.

"Ina ƙanwarka take zaune?"

"Wace... ai tana gidan mijinta. Ba ta fita."

"Kira mini ita."

"'Yar'uwa, ki ji tsoron Allah. Matar aure ce, ba za a ja ta cikin wannan ƙazanta ba."

Daidai nan aljihun teburinsa ya yi sallama. Murya mai zaƙi, a daƙushe, daga cikin katako.

Babu wanda ya motsa. Aljihun ya sake yin sallama.

"Ba za ka amsa ba?" in ji Sufeto. "Kai da ke koya wa mutane ladabi."

Ta zagayo ta jawo aljihun da kanta. Ƙaramar waya ce, kwance kusa da kwalbar rinin gemu da jan biro. A fuskarta, da haruffa irin na takardar, ga saƙon Anti zuwa ga Baiwar Allah: "Allah ya isa." Sufeto ta sa safar hannu, ta ce ya buɗe. Ya buɗe. Ma'ajiyar hotunan cike take da matan mutane: masu shayarwa, masu nuna kurji, amare da kayan barci. Ta rufe ba ta ƙarasa ba.

"Don kula da tarbiyya ne," in ji shi. Yanzu kam ya daina kallon rufi. "Dole wani ya sa ido. Ita kuma matar nan ta ci mutuncina a gaban mata, bayan alheri na nufe ta da shi. Wa zai aure ta a haka?"

"Zauna, in gaya maka yadda ka kama kanka, don na ga kana ɗaukar kanka mai wayo." Ta jingina da teburin. "Wayar da ke iya ɗaukar hoton nan a ofishin nan kawai take. Injiniyanka ba ya bukatar ɗauka, yana da ainihin. Da Anti ce, da jan maɓallinta ya fito. Saura wanda ya shiga a matsayin mace, da wayar ofis, wanda ba ya gani sai an kumbura masa rubutu. Mace ɗaya ce ta shiga ɗakin nan ba a ji muryarta ba, kuma kai ka buɗe mata ƙofa. Ita ce aka yi wa dariya. Da ka sayi tabarau kamar kowane dattijo, da na ɗan sha wahala."

Ya zame daga kujera ya durƙusa, jallabiyar ta tattare a gwiwa.

"Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki. Ina da iyali. Ina da suna a garin nan. Idan maganar ta fita dandalin ya mutu, kuma al'umma ce za ta yi asara."

"Al'umma za ta jure."

Ta kira wani Kofur da ke jiranta a mota ya hawo da ankwa. Ta kuma kira Malama ta gaya mata a taƙaice. Malama ta ce a sanar da sauran matan yau ɗin nan, kada a ɓoye musu komai, ita za ta fara ba da shaida a kotu da sunanta. Ta ce a yi mata uzuri, ɗalibai na jiranta.

Da aka sa masa ankwa, Alhaji ya dubi ƙofar falo. Ma'aikata sun bar kujerunsu. An yaye labulen gefe guda, matan sun jeru, Anti a gaba.

"Akwai matakala ta baya," ya ce da ƙaramar murya. "Don Allah, 'yar'uwa, mu bi ta can."

"Na gan ta," in ji Sufeto. Ta buɗe ƙofar falon har ƙarshe. "Motarmu a gaba take. Ɗaga kanka, kada ka yi tuntuɓe."