Abin da Ya Kai Wasila Gidan Ɗaga Ƙarfe

"Wasila, tambaya guda nika yi miki. Mi ya kai ki gidan ɗaga ƙarfe?"

Muryar Tijjani ke nan, bayan la'asar, a zauren Delu maƙwabciyata, uwar Wasila. Ni kuwa, Goggo Tsahara, ina jingine da bango ina tsince wake. Ba saurare nike ba, bangon ne bai da kauri.

"Ba ni iya faɗi, Tijjani..."

"Saura sati ukku a ɗaura mana aure! An gan ki ƙofar wuraren nan har ukku. Hajiya ta ce in ba ki yi bayani ba kafin Juma'a, a bar musu ɗiyarsu."

"Masoyina, ka yarda da ni mana."

"Ni na yarda, hasken idona, amma Hajiya fa? Kullum tana aiko miki fura da nono don ki cika ki yi kyan amare, ke ko kina neman inda za ki zubar da su cikin ƙattai masu gajeren wando!"

"Ban shiga ba! Bakin ƙofa na tsaya na yi tambaya."

"Tambayar mi?"

Sai ƙarar babur ɗinsa, sai kukanta.

To, bari in faɗi gaskiya tun ba a tone ni ba. Wadda ta kai ma Hajiya Mairo, uwar Tijjani, wanga labari, ni ce. Na ga yarinyar da idona tana sauka daga kabu-kabu ƙofar wani ɗakin motsa jiki kusa da tasha, inda kiɗa ke tashi kamar gidan biki. Labari ya yi mini nauyi, na je na sauke. Ina na san zai kai ga haka?

Na ɗauki gyale na shiga gidan. Delu na ɗaki kwance. Wasila na gindin iccen bedi ta haɗa kai da gwiwa, jakarta ta zube gabanta. Na duƙa ina tattara mata kaya, sai ga wani ɗan kwalin magani, fari da jan layi.

Lakwal ɗina, karatun boko ke nan, aji biyu ne, ban iya karanta Faransanci ba, amma kwalin nan na san shi kamar yunwar cikina. Irinsa na nan ɓoye cikin tukunyar da nika ajiye kanwa.

"Ke ɗiyar nan, wa ke da hawan jini?"

Ta fizge kwalin. "Goggo, don Allah..."

"Ba ki faɗa ba, ni na gani. Delu ce?"

Hawaye sunka ba ni amsa. Ashe tun rasuwar mijinta jinin Delu ya hau. Likita ya ce magani kaɗai bai isa ba, sai ta riƙa motsa jiki. Delu ta ce ita ba ta fita titi tana tsalle a yi da ita. Ta kuma sa Wasila rantsuwa kada kowa ya ji, don kada dangin Tijjani su ce cuta ce a jininsu.

"Na zaga Ƙonni duka, Goggo. Wani wurin maza zalla. Wani ya ce mata na iya zuwa, amma ɗaki guda da samari. Na ukkun ya yi mini dariya, wai in kawo tsohuwar su ɗaga ta madadin ƙarfe. In na yi magana na ci amanar Inna, in na yi shiru na rasa Tijjani..."

Na zauna dirshan. Ni da na tallata sirrin rabin gari, guda ɗaya tak na riƙe, kuma nawa ne.

Shekara guda ke nan, duk Litinin da Alhamis da hantsi nika cewa za ni duba ƙanwata. Ƙanwata tana Dogarawa, rabona da ita tun sallar layya! Inda nika zuwa, gidan Madam Takama ne, tsohuwar malamar wasanni ta lakwal ɗin ƴan mata. Can muke motsa jiki: katanga doguwa, ƙofa rufe, mata zalla, babu allo babu talla. Shi ya sa Wasila ba ta same shi ba. Mu goma sha huɗu ne, duk tsofaffi, kowa na ɓoye ma gidanta.

Na kutsa ɗakin Delu ban ko yi sallama ba.

"Tashi ki ga abin kallo!"

Na ɗaure zane tamau, na ɗaga hannuwa sama, na durƙusa na miƙe. "An! De! Turwa!" Na ƙirga da Faransanci har goma, ban yi nishi ba.

Delu ta tashi zaune, baki buɗe. "Goggo, aljanu sunka hau ki?"

"Lafiya ta hau ni. Ciwonki ciwona. Ni na ɓoye nawa don girman kai, ke kin ɓoye naki, ga shi ɗiyarki za ta biya da aurenta. Juma'a za su fasa."

"Su fasa? A kan mi?"

Ashe ba ta ma sani ba. Wasila ta haɗiye abin ita kaɗai. Na kwashe duka na faɗa mata, har da bakin nan nawa da ya jawo. Delu ta dubi ƙofa, inda yarinyar ke tsaye.

"Miƙo mini mayafi," ta ce.

Mu ukku munka tahi gidan Hajiya Mairo. Mun tarar da Tijjani tsakar gida, ya dawo daga lodin albasa a Tsarnawa, ya yi zuru-zuru kamar wanda anka ƙwace ma gona. Anka gaisa sama-sama.

Ni na fara. "Hajiya, kayan da na kawo miki ranan, rabi ne. Na zo da cikon."

"Goggo, kin taɓa kawo cikakke?"

Na shanye, na cancanta.

Sai Delu ta gyara zama. Ku sani, Wasila ɗiyar fari ce. Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin uwar ta kama sunanta ba, daga "ke" sai "waccan". Ranar nan ta dubi Hajiya ido cikin ido.

"Ni ce ba lafiya. Ni ta zaga ma gari, ni na ɗaure mata baki. In za ku ƙi ta don ciwona, ku ƙi. Amma kada a sake cewa Wasilata ta zubar da mutunci."

Wasila ta ɗago kai kamar an kira ta daga barci. "Inna... sunana kika faɗa?"

Ta faɗa jikinta sunka rushe da kuka. Tijjani ya durƙusa gabansu.

"Inna, ki gafarce ni. Wasila, ruhina, da kin ce mini ko uffan..."

"Rantsuwa ce, Tijjani."

"To ni ma ga tawa: ba ni sake tambayar ki da zato."

Hajiya Mairo ta share ido da bakin gyale. "Wadda ta riƙe uwarta haka, ni ma ina so ta riƙe ni. Aure na nan ranarsa." Sai ta matso kusa da ni, ta rage murya. "Goggo, wurin nan naku... yana maganin ciwon gwiwa?"

An ɗaura aure ranar da anka sa. Amarya ta cika ta yi kyau, fura ba ta tahi banza ba. Yanzu duk Litinin da Alhamis, Wasila ke rako uwa da suruka gidan Madam Takama, ni a gaba ina ba da umurni.

Hajiya ta roƙe ni kada in faɗa ma kowa yadda ta faɗi zaune ranar farko, ƙafafu sama. Na yi mata alkawari. Ku ma ba daga bakina kunka ji ba.