Yatsan da Wayoyi Suka Sani

Ƙarfe ɗaya na dare ya riski Morenike ita kaɗai a ofishinsu na unguwar Yaba a Legas, goye da 'yarta Ajoke. Wayoyi goma sha biyu ne jere a gabanta, kowace da irin ƙirarta. Kafin safiya ake so ta tabbatar manhajarsu tana buɗewa da zanen yatsa a kan dukkansu. Babban yatsanta kaɗai wayoyin suka sani, ga shi da safe wuƙar feren doya ta yanke shi, sai suka yi ta ƙin ta.

"Iya Ajoke, sannu da aiki. Kawo ta in riƙe miki."

Wata mata ce tsaye a gefenta, ta rufe fuska da gyale. Alhali da hannunta Morenike ta sa wa ƙofar ofishin sakata tun ɗazu. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin.

"Na gode, Anti. Ba ta yarda da baƙi." Ta ƙara ɗaure zanin goyon tamau.

"Wace ce baƙuwar?"

Matar ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya tana dangwala babban yatsa. Ta farko ta buɗe. Ta biyu ta buɗe. Har ta ƙarshen, mai gardamar nan da ko da lafiyayyen yatsa sai Morenike ta gwada sau uku.

Sai Morenike ta ji goyon yana motsi. Ajoke, wadda ko ubanta ya ɗauke ta sai ta tsala kuka, ta zaro hannuwa biyu daga zani, tana miƙa wa matar tana dariya, yadda take yi wa uwarta kaɗai.