Keken da Aka Ɗaure a Rana

Akwai wani yaro a Sabon Birni, ɗan aji biyar. Babansa ya sayo masa keke a kasuwar Isa. Keken ba sabo ba ne. Fentinsa ya koɗe, sirdinsa ya sha ɗinki. Tiyub ɗin tayar baya kuwa faci bakwai ne a jikinsa. Amma yana tafiya.

Yaron ya so keken nan ƙwarai. Kullum da safe sai ya goge shi da tsumma. Ya ɗiga wa sarƙa baƙin mai. Sannan ya ɗauko famfo ya yi ta bugawa, har tayoyin su yi tauri kamar dutse. Ya ce haka ya fi gudu.

Ba ya ba kowa aro. Ko ƙararrawar ba ya son a taɓa.

Da la'asar yara masu keke sukan taru a rumfar Baba Usaini mai faci, kusa da tasha. Baba Usaini tsoho ne. Yana da tulin tsofaffin kayan keke a bayan rumfar: feda, sarƙa, birki, sirdi da guntayen taya. Yaran sukan zauna su yi ta gardama.

"Sarƙarka tana kuka awa tsohuwa mai tari," in ji Ashraf, abokin yaron.

"Taka hwa? Birkinka silifas ne. Da ƙasa kake tsayawa."

Sai a yi dariya. Baba Usaini ba ya dariya. Yana ta goge tiyub da ƙarfe mai kaushi.

A cikin yaran akwai wani baƙo, sunansa Talha. Shi da iyayensa sun baro Gatawa saboda rashin kwanciyar hankali, suka sauka gidan kawunsa. An sa shi ajinsu yaron. Ba ya yawan magana. Kekensa ma abin kallo ne. Gabansa ja, bayansa baƙi. Fedar dama daban, ta hagu daban.

Ran nan Talha ya miƙa hannu ya danna tayar keken yaron da babban yatsa.

"Iska ta yi yawa," ya ce. "Bazara ce."

Yaron ya ture masa hannu. "Wa ya tambaye ka? Kada ka ƙara taɓa min keke."

Talha ya koma gefe ya zauna.

Ashraf ya matso kusa da kunnen yaron. "Ka dubi keken wanga yaro da kyau. Ina ya samo kayan ga duka? Kowane daban. Ni dai, da ni ne kai, da na sa ido."

Maganar nan ta shiga ran yaron, ta zauna.

A makarantarsu akwai babbar bishiyar darbejiya a bakin ƙofa. Nan kowa ke ajiye kekensa, a inuwa. Amma daga cikin aji ba a hango wurin. Don haka washegari yaron bai ajiye nasa can ba. Ya kai shi kusa da tagar ajinsu, ya ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo a jikin wani turken ƙarfe. Babu inuwa a wurin. Rana ce tun daga hantsi har azahar.

Da aka tashi ya hau keken, sai ya ji ba daidai ba. Ya sauka ya danna tayar baya. Ta yi laushi kaɗan.

A gida ya cire tiyub ɗin, ya tsoma shi cikin bokitin ruwa. Ya juya, ya juya. Babu kumfa. Babu huji.

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Da safe taya kamar dutse, da rana ta yi laushi.

"Baba, wani na taɓa min keke," ya ce wa babansa.

Baban yana gyaran galma a tsakar gida. Bai ɗago ba. "Ka gane shi?"

"A'a."

"To, ka ga mi?"

"Ban ga komi ba. Amma na sani."

"Wanda bai ga komi ba, bai san komi ba," in ji baban. "Tahi ka ba akuya ruwa."

Yaron bai bar zancen ba. A aji hankalinsa ba ya kan allo. Idonsa na kan taga. Duk wanda ya gitta kusa da turken, sai ya miƙa wuya. Mai sayar da ƙosai ta wuce, ya bi ta da ido. Maigadi ya wuce, ya bi shi da ido. Malama Sa'adiyya, malamar ajinsu, ta kira sunansa sau biyu bai ji ba.

Ranar Laraba, da aka fita hutun ƙarfe tara, ya ƙi fita. Ya ɓuya a bayan ƙofar aji, yana leƙe ta wata ɓaraka.

Can sai ga Talha. Ya duba dama, ya duba hagu. Ya durƙusa a gindin tayar baya. Hannunsa na kan bawul, wurin da ake buga iska.

Yaron ya fito a guje. Ya cafke wuyan rigarsa.

"Na kama ka, ɓarawo."

Yara suka taru. Ashraf ne a gaba. "Ba na hwaɗa maka ba? Bawul za shi kwancewa. Hakanan ya haɗa nashi keken."

"Ba sata nike ba," in ji Talha.

"To mi kake yi?"

"Iska nike ragewa."

"Kun ji ko? Ya amsa da bakinshi. Shi ke ɓata min taya."

Wani yaro daga baya ya ce, "Ɓarawon bawul." Sauran suka ɗauka, suna tafi. Talha ya buɗe baki zai yi magana, amma ba mai saurare. Sai ya rufe.

Malama Sa'adiyya ta zo ta raba su. Ta dubi keken. Ta dubi yaron.

"Mi aka ɗauke maka?"

"Ba a kai ga ɗauka ba, Malama."

"Ba a ɗauki komi ba, amma ka kira shi ɓarawo gaban mutane. Ka san nauyin kalmar ga?"

Amma yaron a ransa yana ganin shi ke da gaskiya.

Ranar Alhamis Talha bai zo makaranta ba. Juma'a ma bai zo ba. A rumfar Baba Usaini ma ba a gan shi ba. Malama ta ce kawunsa ya aiko, wai yaron ya ce ba zai sake zuwa ba. Da ta faɗi haka, ta dubi yaron. Shi kuwa ya dubi taga.

Tayarsa ta daina laushi. Ya ce wa Ashraf, "Ka gani? Tun da ya bar zuwa, lahiya lau."

Ranar Litinin aka yi rana mai tsanani. Tun hantsi ƙasa ba ta takuwa. Yaron ya buga iska fiye da kullum. Ya ɗaure keken a turkensa.

Ana cikin darasin lissafi, wajen ƙarfe ɗaya, sai aka ji ƙara. Fam!

Ajin ya hargitse. Wasu yara suka shige ƙarƙashin benci. Wata yarinya ta fara kuka. A garin nan ba a wasa da irin wannan ƙara. Malama ta ce kowa ya kwanta. Maigadi ya zo da gudu, ya leƙa ko'ina. Can ya tsaya a bakin taga.

"Ku tashi," ya ce. "Keke ne."

Tayar baya ta kwanta a ƙasa. Tiyub ya leƙo waje ta gefe.

Yaron ya tura keken cikin rana har rumfar Baba Usaini. Zufa ta jiƙa masa riga. Tun kafin ya zauna ya fara magana.

"Baba Usaini, Talha ne. Ya laɓaɓo ya soka mishi ƙusa. Ramawa ya yi."

Tsohon ya kifa keken, ya zaro tiyub ɗin, ya shimfiɗa a kan gwiwarsa.

"Zo nan. Ka taɓa ganin hujin ƙusa?"

"Na taɓa."

"Yaya yake?"

"Ɗan ƙarami."

"Wanga hwa?"

Yaron ya duba. Tiyub ɗin ya yage daga tsohon faci, tsawon tafin hannu.

Baba Usaini ya danna tayar gaba. Yatsansa bai shiga ba. Ya girgiza kai.

"Wa ya buga wagga iska?"

"Ni."

"Ina kake aje keken?"

"Kusa ga taga."

"Inuwa?"

"Rana."

"Tun yaushe?"

"Sati biyu."

Tsohon ya ajiye tiyub ɗin. "Yaro, iska in ta sha rana kumbura take. Tsohon tiyub mai faci bakwai ba ya ɗaukar haka. Duk mai keken da ke bin hanyar kasuwa da bazara ya san a rage iska kahin azahar. Abin da ke ba ni mamaki ɗaya ne. Wanga tiyub, tun satin farko ya kamata ya hwashe. Wa ke rage maka iska?"

Yaron ya tsura wa tiyub ɗin ido.

"Na tambaye ka."

"Talha," ya ce a hankali.

"Hm," in ji Baba Usaini. Ya nuna tulin da ke bayan rumfar. "Kekenshi kuwa, daga nan ya fito. Ni na ce ya tsinci abin da ya ga dama. Wata guda yana haɗawa. Ku kuna gardama, shi yana aiki."

Yaron ya tura keken zuwa gida. Ya gaya wa babansa komai, bai rage ba. Baban ya saurara har ƙarshe.

"Baba, za ka samo min wani tiyub?"

"Tiyub ba shi ne ya fara lalacewa ba," in ji baban. "Ka ɓata sunan ɗan mutane. Je ka gyara shi tukuna."

Yaron ya tafi gidan kawun Talha a ƙasa. Ya yi sallama sau uku. Ya samu Talha a zaure, yana ɗaure wayar birki. Talha ya gan shi, ya ci gaba da aikinsa.

Yaron ya tsaya. Ya rasa ta inda zai fara.

"Tayar ta hwashe," ya ce.

"Na ji labari."

"Baba Usaini ya ce rana ce."

"Na sani."

"Mi ya sa ba ka hwaɗa min ba?"

Talha ya ɗago. "Na hwaɗa maka a rumfa. Ka ce kada in ƙara taɓawa. Ranar Laraba ma na hwaɗa. Kun yi tafi."

Gaskiya ne. Yaron ya sunkuyar da kai.

"To mi ya dame ka da kekena? Na kore ka."

Talha ya juya sufana a hannunsa. "Ranar da muka baro gida, babana ya ɗora kayanmu bisa keke. Ya cika iska saboda nauyi. Da tsakar rana taya ta hwashe. Ƙanwata Habi a wuya na ɗauke ta har Sabon Birni. Ba ni son jin ƙarar ga."

Yaron ya durƙusa. "Ka yahe min, don Allah. Ka dawo makaranta."

"In dawo su ce ɓarawon bawul?"

"Za ni hwaɗa musu gaskiya."

"A nan zaure ba wanda ya kira ni ɓarawo," in ji Talha. "Gaban aji aka kira ni."

"To gaban aji za ni hwaɗa."

Talha ya ci gaba da ɗaure wayar birkinsa.

Washegari yaron ya zo makaranta a ƙasa. Yana ta duban ƙofa. An buga ƙararrawa, Talha bai zo ba. An shiga aji, bai zo ba. Malama ta fara kiran suna. Sai ga ƙarar sarƙa a waje. Keke ne, gabansa ja, bayansa baƙi.

Yaron ya ɗaga hannu. "Malama, ina da magana."

Ya fito gaban allo. Ya yi magana da ƙarfi.

"Talha ba ɓarawo ba ne. Taimakona yake yi, ni ban sani ba. Na zarge shi ban tambaya ba. Ni na yi laihi."

Ashraf ya miƙe yana sosa ƙeya. "Ni ma, Malama. Ni na fara."

Malama Sa'adiyya ta ce, "Talha, ka ji su. Mi ka ce?"

"Na yahe," in ji Talha. "Amma ya bar aje keke a rana."

Aka yi dariya. Wannan karon har da shi.

Da la'asar su biyu suka tone tulin Baba Usaini. Talha ya zaro wani tsohon tiyub. Ya hura, ya tsoma a ruwa, ya nuna inda kumfa ke fita. Suka sa faci biyu. Da aka zo buga iska, yaron ya yi ta bugawa.

"Ya isa," in ji Talha.

Yaron ya tsaya. Ya miƙa masa keken. "Hau ka gwada."

Tun daga ranar kekunan biyu a gindin darbejiya suke wuni, ɗaya jingine da ɗaya. Yaron ba ya hango nasa daga aji. Idonsa ya koma kan allo.

Yara, ga abin lura. In ka ga mutum yana wani abu ba ka gane ba, tambaye shi. In ya ba ka amsa, saurare shi har ya gama. Kada ka kira kowa ɓarawo a kan zato. In kuwa ka ɓata sunan wani a gaban mutane, to a gaban mutane za ka gyara.