Hoton da Gwaggo Mero Ta Ɓoye a Kwalla

Ana gobe za a kai lefen Radiya, Gwaggo Mero ta zauna a kan babban akwatin ta ce babu mai ɗaga shi. Ita ta reni angon, Muntasir, tun rasuwar mahaifiyarsa, kuma a gidansu na Anguwar Juma maganarta yankan wuƙa ce.

Dalili kuwa wani ambulan ne da ta gani a ɗakinsa. Radiya ta sha ciwon ciki, aka ɗauki hoton cikinta da na'ura, aka ga ɗan ƙullutu mai ruwa a fankiriyas, wata tsoka da ke bayan tumbi. Likita ta ce yawancin irinsa ba ya zama ciwon daji, amma a sake hoto bayan wata shida a gani ko ya girma. Radiya ba ta ɓoye ba, ita da kanta ta ba Muntasir hoton. Gwaggo kuwa mai kemis ta kai wa, ya ɗaga shi sama ya girgiza kai.

"Gawa za ka kawo mini gida?" in ji Gwaggo ga Muntasir. "Ka jira hoto na biyu, in kana da hankali."

"Gwaggo, in na jira, hoton na aura ke nan, ba Radiya ba."

Baffanninsa suka goya masa baya, aka ɗaura aure. Gwaggo ta ƙi zuwa. Ta adana hoton cikin kwalla, duk baƙuwar da ta shigo sai ta fito da shi. Kullum da safe Radiya takan durƙusa ta gaishe ta, ita kuma ta tambayi bango ko mai cutar ta kwana. Abincinta ba ta ci. Radiya takan koma ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska kafin mijinta ya dawo.

Da wata shida ya cika aka sake hoto, sai likita ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai an kawo na farko ta gwada su. Radiya ta je roƙon Gwaggo ta ba ta shi. Gwaggo ta ce hujjarta ba za ta bar hannunta ba, da ƙafarta za ta je, kada a haɗa baki a rufe ta.

Likita ta jera hotunan a jikin fitila, ta auna, ta sake aunawa. Ƙullutun bai ƙaru ba, bai yi kauri ba, babu tsiro a ciki. Sai dai a riƙa dubawa duk shekara.

"Hajiya, kin kyauta da kika adana shi haka," in ji likita. "Da ya ɓata, da yau ba mu da tabbas."

Suka koma gida. Da azahar Gwaggo ta aika a ce wa amarya ta ji an ce miyar jiya gishiri ya yi kaɗan, a gyara ta yau a kawo mata ta ci.

Haka Allah yake yi wa mai haƙuri da gaskiya: sandar da aka tanada don dukansa, ita yake dogarawa.