Sanduna Huɗu na Kwanar Rafi

A wani ƙauye tsakanin duwatsun ƙasar Norway, akwai wata yarinya 'yar shekara tara. Yarinyar nan akwai tambaya! Idan ta fara "me ya sa", sai ka gaji ka bar mata wurin.

Mamanta, Ragnhild, nas ce. Ita da abokiyar aikinta Gunvor suna bin tsofaffi gida-gida suna yi musu allura.

Wata rana da yamma yarinyar da mamanta suna dawowa gida a mota. Yarinyar ta ƙura wa sandunan bakin titi ido, dogaye masu ruwan lemo da ake kafawa kafin sanyi ya kama. Kowace tana da farin ɗauri a wuya, yana ƙyalli.

"Mama, wa ke kunna su?"

"Ke dai! Bari in ji da tuƙi. Zan faɗa miki gobe."

Gobe ta yi, Mama ta manta. Yarinyar kuwa ba ta manta ba. Ta gangara kwanar rafi da ke ƙasan gidansu. Ta yi ta girgiza sanda ɗaya har ta fita. Ta ƙara uku, wai ko wata ta fi wata wuta.

Ta shiga da su ɗakin ajiye itace, ta rufe ƙofa. Duhu ƙirin! Ko ɗaya ba ta haska ba. Ta duba sama, ta duba ƙasa, babu batir, babu waya.

"Ashe ma lalatattu ne," in ji ta. Ta jefa su bayan itace ta yi tafiyarta.

Ranar Litinin aka tashi da iska. Dusar ƙanƙara ta rufe titi, ta rufe shinge, ta rufe har akwatin wasiƙa sai kansa. Aka ce ba makaranta. Amma aikin nas ba ya jiran iska ta tsaya.

Kawu Torleif, yayan Mama, ya zo da taraktarsa. A irin wannan rana shi ke shiga gaba yana share titi, motar su Mama tana binsa a baya.

"Yi sauri, Ragnhild," in ji Gunvor. "Kaka Aslaug ba ta cin komai sai an yi mata allurar ciwon sukari. Ƙarfe takwas take jiranmu."

Suka tafi. Yarinyar ta zauna tana cin burodi da cuku. Ba ta gama ba sai ga su sun dawo. Kawu ya shigo, gemunsa fari fat da dusar ƙanƙara, ransa a ɓace.

"Wani mara aikin yi ya tuge sandunan kwanar rafi!" in ji shi. "Ban san inda titi ya ƙare ba, ban san inda rafi ya fara ba. Saura kaɗan ƙafar tarakta ta zurma!"

Mama ta dubi agogo. Ta buga wa Kaka Aslaug waya. Yarinyar ta ji muryar tsohuwar tana cewa, "Ba komai, 'yata, zan jira. Ku dai kada ku faɗa ruwa saboda ni."

Yarinyar ta ajiye burodin. Tsoro ya kama ta, kunya ta rufe ta.

"Kawu," ta ce a hankali, "ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na cire su. Suna bayan itace. Batirinsu nake nema."

Kawu ya juyo ya dube ta. "Batir? Yau na ji ikon Allah!"

"Faɗa sai anjima," in ji Mama. "Kin tuna inda kika ciro su?"

"Na tuna. Ta farko tana daidai akwatin wasiƙa. Ta ƙarshe tana gaban bishiyar nan mai karyayyen reshe."

"To sa hularki," in ji Kawu. "Ke kika cire, ke za ki nuna."

Ya kwaso sandunan, ya ɗora ta a cikin tarakta. Daga can take nuna masa da hannu. Shi kuma yana ƙasa, yana soka sanda cikin dusar ƙanƙara har ya ji taurin titi. Ya kafa ta farko, ya kafa ta biyu, har huɗun suka tsaya.

Ya hau yana haki. Gari bai gama wayewa ba. Ya kashe fitilar tarakta.

"Me kike gani, sarauniyar tambaya?"

"Ba komai."

Ya kunna. Nan take wuyan sandunan ya ɗau ƙyalli, ɗaya bayan ɗaya, suka zana kwanar tsaf. Ga titi, ga rafi can gefe.

"Laa!" in ji ta. "Ashe ba su da wuta! Hasken fitilarka suke mayar maka!"

"Su ne idanuna. Su ne idanun mamanki."

Tarakta ta wuce lafiya, motar ta biyo ta. Gunvor ta yi musu hon sau biyu.

Da yamma Mama ta dawo a gajiye. Yarinyar ta tare ta a bakin ƙofa.

"Mama, ki yi haƙuri. Yaya Kaka Aslaug?"

"Lafiyarta lau. Mun makara, ta sha yunwa, amma ta samu allurarta. Ni ma na yi laifi da ban amsa miki ba." Ta miƙa mata wani ƙunshi mai ɗumi. "Ga waina ta aiko miki. Ta ce in kina neman batir, ki je gidanta, tana da su cike da akwati."

Yarinyar ta yi dariya, hawaye na zuba.

Tambaya kam ba ta daina ba, ta ma ƙaru. Amma tun daga ranar ta gane cewa abin da ka gani an kafa a hanya, akwai wanda ransa ya dogara da shi. Ka tambaya da baki kafin ka taɓa da hannu.