Auren Hikima Bayan Tiyata

A shingen sojoji na shiga Gombe suka haɗu, a shekarun da ake sauke fasinjoji kowa ya taka da ƙafa. Jiri ya ɗebi Hikima, ta durƙushe a gefen titi. Salahuddeen, wani mai gyaran waya, ya ɗauki jakarta ya miƙa mata ruwa, bai barta ba sai da ya kai ta ƙofar gidan gwaggonta a unguwar Gabukka.

Bazawara ce. An kashe mijinta Bakari a harin da ya tashi garinsu. Wannan bai dami Salahuddeen ba, kullum bayan la'asar sai saƙonsa ya shigo:

"Hasken idona, kin ci abinci? Kar ki ce min e alhali shayi kawai kika sha."

Takan yi murmushi, amma ta ɓoye masa jinin da ke zubo mata ba a lokacin al'ada ba.

A asibiti Likita Chidiogo ta zaunar da ita. Ta ce sankarar bakin mahaifa ce, wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke kawo ta. Ƙwayar iri-iri ce, yawancinsu jiki na korar su da kansa, wasu kuwa sukan maƙale har su yi ɓarna, kuma irin nan ne ya same ta. Namiji kan ɗauke ta bai sani ba. Sai an cire mahaifar.

Hikima ta tuna Bakari, ta rasa yadda za ta yi fushi da mamaci. Ta kashe wayarta.

Salahuddeen ya ɗauka wani ta samu. Da ta kunna wayar sai ta tarar da saƙonsa: "Idan ya fi ni, na haƙura. Ki dai gaya min kina lafiya."

Ta rubuta: "Babu kowa, Salahu. Ba zan taɓa haifa maka ɗa ba. Ka nemi wata."

Kafin magariba yana ƙofar gidan, idonsa jajir. Ta gaya masa ciwon, ya ce ita ya gani a bakin titi, ba 'ya'ya ba.

Da ya kai maganar aure gida, mahaifiyarsa Inna Mairamu ta ce sam, ciwon mata marasa kamun kai ne, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji. Maganar ta iso kunnen Hikima, ta shiga tiyata da ita a zuciya.

Da ta farfaɗo sai ta ga Inna Mairamu zaune gefen gadon da kwanon fura. Ashe Salahuddeen ya roƙe ta ta zo ta ji daga bakin likita. Tsohuwar ta ce haka ƙanwarta Fadimatu ta yi ta zubar da jini a ruga har ta rasu, ana cewa iska ce.

"Mace ce ta gari, ban taɓa zarginta ba. Ki yafe min, 'yata."

An ɗaura aure bayan ta warware, babu kiɗa, ana caje mutane a ƙofar masallaci saboda halin da ake ciki. Da aka kai amarya gidansu a unguwar Malam Inna, wata baƙuwa ta fara addu'ar 'ya'ya masu albarka. Hikima ta sunkuyar da kai.

Inna Mairamu ta dafa kan amaryar ta ce, "Allah ya ba ku tsawon rai tare, ku tsufa kuna ganin juna."

Duk ɗakin aka amsa da amin.